Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Makarantu Da Kwamitocin Bikin Yaye Ɗalibai A Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, masu makarantu, shugabannin makarantun gwamnati da na kuɗi, malaman Islamiyya da alarammomi, shugabannin cibiyoyin koyon sana'a, da 'yan kwamitin iyaye da malamai na cikin garin Kaduna da kewaye. Ina gaishe ku da ɗawainiya, Allah ya saka muku da alheri kan abin da kuke yi wa 'ya'yanmu. Wanda bai taɓa riƙe alli ba, ba zai san nauyin da ke kanku ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, ina zaune a Tudun Wada. Tun da na ajiye aiki makarantun unguwa kan kira ni in riƙe musu makirfo ranar taro, don haka inda nake tsayawa ina ganin fuskokin manyan baƙi a kan babban tebur, ina kuma ganin na yara da iyayensu a ƙarƙashin rumfa. Ba da yawuna kaɗai nake magana ba. Na rubuto ne a madadin iyayen da muka sha tattauna wannan batu da su a ƙofar masallaci da wajen suna, da malaman aji da ba su da bakin faɗa saboda abincinsu na hannunku, da kuma ɗaliban da ake tara jama'a da sunansu.

Tun 2025, da gwamnatin jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, wasu jihohi kuma suka bi sahu, maganar bikin yaye ta dawo bakin mutane. Sai dai duk muhawarar a kan kuɗi ta tsaya: kuɗin riga da hula, kuɗin anko, kuɗin abinci, kuɗin hoto. Kuɗin kam ya yi yawa, ba musu. Amma abin da ya fi cinye ranar, wato jawabi, ban ji wanda ya tanka a kansa ba. Uba ya biya kuɗi ya rufe shago, uwa ta bar girki, yaro ya kwana yana ɗoki. To me aka faɗa wa yaron nan da zai tafi da shi gida? Kukanmu ke nan.

Bari in fara da lokaci, tun da shi kowa ke gani.

Katin gayyata ya ce ƙarfe 10 na safe. Tun tara an jera yara a kujerun roba, cikin riga mai kauri da ba don yanayinmu aka ɗinka ta ba. Babban baƙo sai sha biyu ta gota, wata rana ma sai ana shirin kiran azahar, kuma ba abin da za a taɓa don ana jiran Oga. Da ya iso sai a shiga gaisuwa. Kun san jerin: shugaban taro, uban taro, uwar taro, babban baƙo na musamman, babban baƙo mai jawabi, babban mai ƙaddamarwa, mai masaukin baƙi, hakimi, dagaci, mai unguwa, kansila. Kowannensu aka miƙa wa makirfo sai ya sake jero sunayen nan kaf, da sarautunsu da digirorinsu, kafin ya ce uffan kan abin da ya tara mu. Wanda kuwa ya buɗe baki da cewa shi ba mai dogon jawabi ba ne, to a gyara zama.

Yawancin bukukuwan nan a watan Yuli ake yin su, tsakiyar damina. Kafin manya su gama, hadari ya haɗo, masu rumfa sun fara kallon sama, mai janareta yana cewa mai ya kusa ƙarewa. Sai abin da yara suka yi makonni suna bita, karatu da muhawara da wasan kwaikwayo, a ce a taƙaita ko a tsallake. Rabon shaida da kyaututtuka, wanda shi ne maƙasudin zuwan kowa, a yi shi a gurguje, ana kiran suna uku-uku, rabin iyaye mata sun riga sun tafi. A wani bikin 'yan nazare na ga yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta yi barci a zaune, hular ta zame ta rufe mata ido ɗaya, bakinta a buɗe, uwarta ta tsallako layi tana yi mata fifita da takardar tsarin taro. A daidai lokacin babban baƙo yana bayani kan tattalin arzikin duniya. Da aka kira sunan yarinyar, ɗaukar ta aka yi a kafaɗa, tana kuka aka ɗauki hoton. Hoton da aka biya kuɗinsa ke nan.

Malamanmu na Islamiyya sun fi ni sanin hadisin Ammar ɗan Yasir da Muslim ya ruwaito, cewa tsawaita sallar mutum da gajarta huɗubarsa alama ce ta fahimtarsa. In huɗubar Juma'a aka so a gajarta, ina ga jawabin kansila a gaban 'yan shekara biyar?

Kuka na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a kansa zan daɗe. Jawabi ɗaya ake karanta wa kowa. Ɗan nazare, ɗan aji shida, mai gama sakandare, mahaddaci, kurma, tela, tsohuwar da ta koyi karatu da furfura, duk abu guda ake faɗa musu: ku ne manyan gobe, ilimi gishirin zaman duniya, ku guji shaye-shaye, ku zama jakadu nagari. Ba ƙarya a ciki. Amma maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, da wuya ya warkar da ko ɗaya.

Dalilin a fili yake. Ana gayyatar mutum don muƙaminsa ko aljihunsa, ba don ya san yaran ba. Shi kuma ba zai zo ba, sai ya aiko wakili, wakilin ya tashi ya ce Mai Girma ya so ƙwarai ya zo da kansa amma aikin gaggawa ya taso a Abuja. Sai ya zaro takarda wadda wani yaron ofis ya kwaso daga intanet da daddare, shi kansa a nan yake fara ganin ta. Ina tsaye a gefe wata rana wani wakili ya yi wa 'yan aji shida na firamare nasiha kan yadda za su riƙe amana idan sun tafi bautar ƙasa. Ya kai tsakiya ya gane takardar ta wani taro ce, ya ɗan yi tari, ya ci gaba har ƙarshe. Aka tafa masa.

'Yan nazare ba sa buƙatar jawabi ko kaɗan. Su yi waƙarsu, a ba su alewa, a yi wa iyaye magana ta minti uku kan barcin yara da abincin safe da rage musu kallon waya. Shi ke nan.

Ɗan aji shida kuwa yana bakin wata mararraba da manyan baƙi ba sa gani. A nan ne yaro kan zame ya koma tura baro ko gareji gaba ɗaya, yarinya ta koma talla, ba don an yanke shawara ba, sai don ba wanda ya bi sawun takardar shiga aji ɗaya na sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Iyaye nawa ne a Rigasa ko Hayin Banki aka taɓa faɗa wa haka da Hausa, a bainar jama'a, ranar da suka zo da kansu suka zauna? Jihar Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko da aka fara shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata da kuɗin Bankin Duniya. Ranar yaye 'yan aji shida ita ce ranar da ya kamata wata malama ta tashi ta gaya wa uwaye wace makaranta ce kusa da su, yaushe ake komawa, wa za su gani in an ce babu gurbi. Wannan ya fi musu tarihin rayuwar babban baƙo amfani nesa ba kusa ba.

Sai masu gama sakandare, waɗanda su ne aka fi zalunta da daɗin baki. Ana tsayawa a gabansu a ce a cikinku akwai likitoci da injiniyoyi da gwamnoni, kowa ya ce amin. Ba mai hana yaro buri. Amma a sakamakon farko da JAMB ta fitar na jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ke nan a cikin yaran da ke zaune a rumfar, masu yawa ba za su ga jami'a a shekarar ba, wasu ma har abada. Su wa ya yi wa magana? Suna komawa gida da jin cewa hanya ɗaya ce tak, kuma ta rufe musu. Daga nan ne zaman majalisa ke farawa, abin da ake yi musu gargaɗi a kansa a cikin jawabin kuma ya biyo baya.

Su yaran nan ba jahilan garinsu ba ne. Da yawansu jikokin ma'aikatan masaƙun Kakuri ne. Sun taso suna jin yadda masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, da yadda mutane suka tsufa suna jiran haƙƙinsu. Suna ganin yayyensu masu digiri suna tuƙa Keke Napep. In ka ce musu ku dai yi karatu aiki na jiran ku, sun san ba haka abin yake ba, kuma daga nan sun daina sauraron ka.

Alhali akwai abin faɗa na gaskiya, mai amfani, wanda minti goma ya ishe shi. A gaya musu ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwar da ke kan NIN su dace da na takardar WAEC ko NECO, don saɓanin harafi ɗaya ya sha wahalar da yara a wajen tantancewa. A gaya musu gurbin karatu ba ya tabbata sai sun shiga shafin JAMB sun karɓa da kansu. A gaya musu ban da ABU da jami'ar jiha ta KASU akwai Kaduna Poly a nan Tudun Wada, akwai kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya, akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, akwai makarantun aikin jinya da na kiwon lafiya. A gaya wa iyaye cewa a watan Agustan 2023 gwamnatin jiha ta rage kuɗin KASU daga naira 150,000 zuwa 105,000, ta rage na Nuhu Bamalli daga 100,000 zuwa 50,000, kuma tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, ga kuma hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Wani uban ya riga ya cire rai ne kawai don bai ji ba. Sannan a faɗa ba tare da sunkuyar da kai ba cewa wanda ya nufi kasuwar masu sana'ar hannu ta Panteka ya koyi walda ko ƙira ko haɗa inji bai faɗi ba. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a nan Kaduna hedikwatarta take, kuma Kaduna Poly ta yi aiki da masu sana'ar Panteka don a ba su shaidar ƙwarewa da hukuma ta sani. Me ya hana a kira wani ubangidan walda da ya yaye yara da dama ya yi wa 'yan sakandare magana? Don ba ya sa babbar riga?

Yanzu in juyo gare ku, malamaina na Islamiyya da tsangaya, Allah ya gafarta muku. Walimar saukar Alƙur'ani ta fi kowane biki daraja a idonmu. Yaro ya yi shekaru yana wanke allo, ya bi izu sittin ɗaya bayan ɗaya, ga bulala, ga sanyin asuba. A da, ranar sauka tasa ce: a riƙo allonsa mai zayyana, ya zauna gaban malam ya karanta Fatiha da farkon Baƙara, a shafa addu'a, a ci abinci. Yanzu a wurare da yawa yara arba'in ko hamsin za a haɗa su su karanta aya biyu baki ɗaya, sai a shiga ƙaddamar da kalanda da neman gudummawar gini, ana kiran Alhaji wane ya ba da kaza, a yi kabbara. Mun san makarantun Islamiyya ba su da wata hanyar kuɗi, ba mu ce kada a nema ba. Amma a raba zama biyu, ko a bari sai yara sun gama nasu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne malamin da aka gayyato wa'azi ya mayar da walimar yara filin raddi ga malamin wata ƙungiya, ko ya share sa'a guda yana zagin 'yan matan zamani, alhali 'yan matan da ke gabansa sanye da hijabi sun sauke Littafin Allah ne. Wannan rana ta yabo ce da nuna hanya. Mai sauka yana buƙatar a gaya masa hadda tana gudu in ba tilawa, a ba shi tsarin da zai riƙe, ko da izu ɗaya ne kullum, a kuma nuna masa wanda zai riƙa saurarensa. A gaya masa sauka ƙofa ce ta shiga littattafai, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, kamar yadda kakanninmu suka bi. A gaya wa iyaye akwai jarrabawar NBAIS, ta ɗaliban Larabci da ilimin addinin Musulunci, da ake shiga jami'a da ita, akwai musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, wadda ake fara tacewa daga ƙananan hukumomi. Yarinyar da za a aurar bayan Sallah a yi wa iyayenta da dangin mijin magana a kan ci gaba da karatunta, tunda ga su a zaune. Gardin da ya sauke a tsangaya kuma, wanda ba shi da shaidar boko ko ɗaya, a faɗa masa inda zai koyi sana'a ko ya shiga ajin manya, kada a sallame shi da addu'a kawai.

Game da ɗalibai masu buƙata ta musamman, abin kunya ne in faɗa. Na halarci yaye yara kurame inda manyan baƙi suka yi ta jawabi a lasifika ba tafintan maganar hannu, sai da wata malamarsu ta ga abin ya yi yawa ta fito ta tsaya a gefe. Ita kaɗai, ba mai karɓar ta, har hannuwanta suka gaji ta riƙa tsallake magana. Masu jawabin ba wanda ya rage sauri, ba wanda ya juyo ya kalli yaran. Abin da ake faɗa ɗin ma gara da ba su ji ba: bayin Allah, abin tausayi, a taimaka musu saboda Allah. Yaron da ya koyi lissafi ba tare da ya taɓa jin muryar malami ba, ko ya rubuta jarrabawa da rubutun makafi, ba tausayi ya zo nema ba, ya fi mai jawabin sanin wahala. A gaya masa haƙƙinsa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai shiga, wa'adin da ya cika tun 2024. JAMB ma tana da tsari na daban don makafi. Amma har gobe sai ka ga an kafa dandamali mai matakala, a kira gurgu ya karɓi kyauta, ƙarti biyu su cicciɓe shi a gaban jama'a.

Masu koyon sana'a, teloli da kafintoci da masu gyaran waya da masu haɗa sola, jawabinsu bai wuce biyu ba: ku dogara da kanku, kada ku sayar da kayan da aka ba ku. Ba wanda zai ce musu ga yadda ake yanke farashi a fitar da kuɗin zare da na wuta da na haya kafin a kira sauran riba, ga yadda ake rajistar sunan kasuwanci, ga dalilin da zai sa kada ka karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinka. Tela ɗaya daga Kasuwar Barci zai faɗi wannan cikin minti biyar, a kuma yi dariya.

Su kuwa iyayenmu mata na ajin yaƙi da jahilci, kunnena ya ji an ce musu su ne manyan gobe, ga wasu da jikoki a baya. Wannan aiki yana da tarihi a Arewa tun shekarun 1950, zamanin da Malam Ahmadu Coomassie ya jagoranci gangamin Yaƙi da Jahilci, kuma matan nan sun cancanci a gaya musu cewa layin da suka shiga tsoho ne mai daraja. A irin wannan taro ne na ji jawabin da ya fi kowanne ratsa ni, kuma ba daga babban tebur ya fito ba. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai aka ba dama, ta fito da takarda ta ninke huɗu daga bakin zaninta, ta buɗe, ta bi da yatsa tana haɗa baƙi. Layi uku ne. Ta faɗi sunanta, ta ce yanzu ita ke karanta saƙon kuɗi a wayarta ba ta kiran yaron maƙwabta, ta ce kuma ta gane ranar da aka rubuta mata ta koma asibiti. Ta ninke takardarta ta zauna. Matan da ke rumfar suka ɗauki guɗa, kuma a makon da ya biyo baya sababbin ɗalibai suka zo rajista.

Kuka na uku harshe ne. Za a tara iyaye da mafi yawansu Hausa suke ji, a yi musu sa'o'i ana Turanci, Turancin ma irin na takarda wanda ko malaman ajin sai sun kasa kunne. Ban ce a kori Turanci ba. Kaduna gari ne na kowa, akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Fulani da Yarabawa da Ibo, kuma akwai makarantun da Turanci ne ya haɗa iyayensu. Amma kowane shugaban makaranta ya san harshen da iyayen ɗalibansa ke yi masa magana da shi idan sun zo roƙon a ɗaga musu ƙafa kan kuɗin makaranta. To da wannan harshen za a yi musu jawabi. Haka shi ma jawabin bankwana na ɗalibi: malamin Turanci ya rubuta, ya cika shi da kalmomin da yaron bai san ma'anarsu ba, ya haddace kamar karatun aku, in ya manta kalma ɗaya ya tsaya cak yana rawar jiki. Ku bar yaro ya rubuta nasa, ku gyara masa kuskure kawai.

A nan zan ɗan ratse. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 garin nan ya rabu, kogi ya zama iyaka, kowa ya koma ɓangaren da yake ganin ya fi masa kwanciyar hankali. Makaranta na cikin 'yan wuraren da suka rage inda uba daga Kawo da uba daga Sabon Tasha za su zauna a rumfa ɗaya. Mai jawabin da ya san garin zai lura da wannan, ya auna kalamansa, ya kuma ce wa yaran su riƙe lambobin juna. Wanda aka aiko da takarda ba zai ma san su wa ke gabansa ba.

Na huɗu gajere ne, don kowa ya san shi. Zaɓen 2027 na matsowa, kuma mun fara ganin masu neman kujera suna mayar da bikin yara wajen gangami, da 'yan rakiya da masu kirari. A yi alƙawarin kwamfutoci da rijiyar burtsatse da ɗaukar nauyin wanda ya zo na ɗaya har jami'a, a tafa, a watse. Yaron da aka yi wa alƙawarin ya yi ta sintiri ƙofar gida har ya gaji. Darasin ƙarshe da ya koya a makarantarku ke nan, cewa babba kan faɗi magana a lasifika ya wuce abinsa.

Akwai kuma waɗanda ba a ambata sam. Na ɗaya da na biyu da na uku su kwashe kyauta da yabo, sauran ajin su zama 'yan tafi. Yaron da ke tallar ruwa da yamma amma bai taɓa fashi ba, yarinyar da ta rasa uwa a tsakiyar zango ta dawo ta ƙarasa, malamin aji ya san su sarai, ba a dai ba shi makirfo ba ne. A jihar da 'yan bindiga suka sace ɗalibai a Afaka a 2021 da Kuriga a watan Maris na 2024, inda akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Chikun da Giwa suka sake fara karatu a cikin gari, kai wa ƙarshen aji kaɗai abin a tsaya a faɗa ne. Waɗanda aka fara da su ba su ƙarasa ba, a ambace su, a yi musu addu'a, a tambayi inda suke.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A fara taro a lokacin da aka rubuta, ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba, kuma a sa karatun yara da rabon shaida a gaba, jawaban manya su biyo baya. In an yi haka, wanda ya makara kansa ya yi wa. Mai gabatarwa ya jero gaisuwar manya sau ɗaya a madadin kowa. Masu jawabi kada su wuce uku: shugaban makaranta, baƙo ɗaya, da ɗalibi, kowanne da mintocinsa a rubuce cikin takardar gayyata, don kada a bar mu masu riƙe makirfo da kunyar katse babba.

A zaɓi baƙo mai jawabi don abin da ya sani game da matakin da yaran za su taka, ba don abin da zai ajiye a ambulan ba. Tsofaffin ɗalibanku suna nan, nas da malama da makanike da mai shago a Kasuwar Gumi, waɗanda suka zauna a kan bencin nan, kuma yara za su fi yarda da su. Duk wanda aka gayyata a aika masa da rabin shafi tun da mako biyu: shekarun yaran, yawansu, harshen iyayensu, inda akasarinsu za su nufa, da abu biyu da kuke so ya taɓo. In ya ce wakili zai aiko, a gode masa, a ba wakilin kujera mai kyau da lemo, a miƙa jawabin ga malamin ajin.

Duk inda akwai kurma ko ɗaya, a tanadi tafinta biyu masu karɓar juna, a tsayar da su inda haske yake. Inda akwai mai keken guragu, a sauko da rabon kyauta ƙasa don kowa da kowa. Alƙawarin gudummawa kuma kada a shelanta shi sai abin ya shigo hannu, in ya shigo a faɗa a taron iyaye na gaba.

Muna kuma roƙon Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta jiha, idan za su fitar da wata sanarwa kan bukukuwan ƙarshen shekara, su haɗa da shafi ɗaya kan tsawon taro da yawan masu jawabi da hana siyasa a filin makaranta. Ƙungiyar masu makarantun kuɗi ta NAPPS da shugabannin Islamiyyu za su iya yin nasu tun kafin hukuma ta ce komai.

Ku sa wannan batu cikin ajandar taron iyaye da malamai na zango na uku, kafin a buga katin gayyata. Mu tsofaffin malamai muna nan a kowace unguwa, ba aikin da ya sha mana kai. Makarantar da ke son a zauna da ɗalibin da zai yi jawabin bankwana, ko a taya ta tsara takardar da za a aika wa baƙo, ta aiko a kira mu, ba ma karɓar ko kwabo.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
a madadin wasu iyaye da malamai,
Tudun Wada, Kaduna.